Lauyar da ta zauna da ni a tabarma

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara, mutuniyar 'Yankuzo, amma yanzu a Gusau nake zaune.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana a kan babura, ɗana na fari ya gudu daji. Da ya fito, jami'an tsaro suka kama shi, wai da shi aka yi. Ni ce shaidarsa, amma da an ce in ba da labari sai bakina ya mutu. Wani lauya har cewa ya yi maganata ba kai ba gindi.

Aka kai ni wurin wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi kyauta. Na fara magana ke nan, ɗan kabu-kabu ya wuce a guje. Ban san lokacin da na durƙushe bayan kujera ba.

Ta ajiye biro ta ce, "Inna, ƙarar babur ce ko? Mu koma ɗakin ciki."

Ta shimfiɗa tabarma, muka zauna tare. Ba ta matsa mini in kama sunan ɗana ba, ta san ɗan fari ne. Ta ce inda na gaji mu tsaya, gobe ma rana ce. A hankali labarin ya fito duka, har kotu ta ba da belinsa.

Malam, a taimake mu, akwai irin waɗannan lauyoyi a Tsafe da Bungudu? Mata da yawa suna da gaskiya, tsoro ne ya riƙe musu baki.

Ina gaida lauyata. A faɗa mata jiya yaron ya ci tuwon hannuna har da ƙari.