Kwamfutar da Aka Lulluɓe da Zane

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Malama Talatu, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Malumfashi.

An kawo mana kwamfuta, shugaban makaranta ya lulluɓe ta da zane, sai baƙi ake buɗe wa. Rannan ɗalibaina suka kaure da gardama: in igiyar awo ɗaya ce ta kewaye kowace gona, doguwar gona za ta fi cin dawa ko murabba'i? Na ƙi ba su amsa. Na yaye zanen, suka yi ta gwada lambobi har suka gano da kansu.

Shugaba ya ce, "Malama, za su lalata ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ɓeraye sun fara cin wayoyinta."

Gobe ma zan yaye. Masu sauraro, ku raba mu: ta yara ce ko ta ɓeraye?