Lomar da ta ƙi wuce ma Baba

Salamu alaikum mai gabatarwa. Hajara ce daga Bukkuyum.

Bara tuwo ya daina wuce ma Babanmu a maƙoshi. Kunya ta hana shi faɗi, sai ya ce hura yake so. Inna ta yi ta narka mishi man shanu don loma ta sulɓe, har wata takwas.

Da munka kai shi Sakkwato, likita ya ce ciwon daji ne. Ya duba tsokar da anka yanko, ya ce: "Sojojin jiki masu yaƙar cutar sun yi kaɗan cikin ƙarin. Masu su da yawa sun fi daɗewa."

Baba bai ga kaka ba.

Jama'a, mi za ni ce ma Inna? Har yau cewa take man ne bai isa ba.