Barewar da Gafaru Ya Harbo

Mai girma shugaban taro, mai martaba Sarkin Zango, limamanmu da malamanmu, iyayenmu mata, samarin Nima da na Maamobi, har da waɗanda shinkafar taro ta kawo su: assalamu alaikum.

Ni ne Saaka tela. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kan filin gwamnatin nan na bayan makaranta, wanda aka buɗe wa kowa ya shiga farauta. An ce mana kyauta ne. Jama'a, banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ni na zo ne in faɗa muku tsadarsa.

Na farko, ba mu da maharbi. Kakanninmu goro suka sani da alƙalami. Ranar Asabar mutum arba'in suka shiga filin da bindiga ɗaya da karen aro, karen ma da ya ga ciyawa ya koma gida.

Na biyu, ba mu da namun daji. Shekara ashirin ina bi ta wurin, ko gafiya ban taɓa gani ba. Abin da ke ciki kowa ya sani, kowa ya yi shiru: ragunan layyarmu ne. Gidajen unguwar Nima ba su da wurin shanya tabarma, balle ɗaure rago, sai mu lallaɓa mu ɗaure su can.

Na uku shi ne ya tsayar da ni a gabanku. Gafaru, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya harbo dabba, ya yanka, ya aiko mini: "Baba Saaka, zo ka ci barewa." Na je, na ci, na ƙara, har na rantse ban taɓa cin barewa mai kitse haka ba. Zan fita sai na ga fatar a bayan ƙofa, da guntun jar atamfa a wuyanta. Tela ba ya kasa gane ɗinkinsa: ni na ɗinka atamfar nan.

Na ce, "Gafaru, barewa da atamfa?"

Ya ce, "Baba, ai ta gwamnati ce, na ɗauka alama suka sa mata."

Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Barewar nan ba barewa ba ce, ragon maiɗakina ne, Hajiya Damata, ga ta can a sahun gaba. Wata takwas tana kiwonsa. Kwana biyar ke nan tana ba ni dusa in kai masa, ni kuma ina karɓa, domin tsoro nake ji. Ba ta sani ba sai yanzu, shi ya sa na zaɓi gaban Sarki da liman.

Roƙona a rufe filin nan kafin sauran bareyin Zango su ƙare. Allah ya albarkaci taronmu, ya tsare ragunanku, ya shiryi Gafaru, ya ba Hajiya haƙuri. Malam liman, idan an tashi, don Allah ka raka ni gida.

Na gode.