Yatsan da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Assalamu alaikum. Mai Unguwar Ƙofar Guga, Allah shi ja zamaninka. Malam Liman, Allah shi gafarta Malam. Malam Ashraf, wakilin kamfani, sannu da zuwa. Inna Delu, mahaifiyar mamaci, da matarshi Ramla da ke saurare daga cikin gida, da ɗiyarshi Sumayya da ƙannenta, da 'yan'uwana ma'aikata, ina yi mana gaisuwa baki ɗaya.

Sunana Shehu. Yau kwana arba'in da rasuwar Malam Sagir, kuma abokan aiki suka ce ni zan yi magana, don na fi kowa daɗewa tare da shi.

Shekara sha huɗu muna shara da goge-goge a asibitin da aka tura mu. Mu ba ma'aikatan asibitin ba ne. Na kamfani ne, wanda ke ba da hayar masu gadi da direbobi da masu shara a jihohi da dama, kuma ba mu taɓa ganin mai shi ba. Takardar aikinmu ta wata shida ce. Wanda ya yi fashi uku a cikinta, ba a sabunta mashi. Sau ashirin da takwas Sagir yana sa hannu kamar sabon zuwa.

Ya kasance mai sammako. Ya kasance shi ke karɓar ɗakin da kowa ke gudu, inda aka yi amai ko jini ya zuba, ba tare da ya ɓata rai ba. Ya kasance mai tsokana. Markus ga ka nan, har ya rasu bai daina ce maka Manajan Bokiti ba.

Bara waccan aka kawo na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. To, maganin goge ƙasa ya riga ya cinye zanen yatsan Sagir, ya yi sumul. Sai ya shafa man kaɗanya, ya hura, ya dangwala, yana lallashinta: "Haba baiwar Allah, ni ne dai Sagir na jiya." Muna layi muna dariya. Ni ma na yi, kuma dariyar nan tana ci mani rai yanzu.

Sau biyu a wanga zango na wata shida na'urar ta ƙi shi ƙememe. Aka rubuta mashi fashi, alhali yana ɗakin yara yana guga. Ya kai kuka, aka ce sai an ji daga hedikwata.

Da ƙafafunshi suka fara kumbura na ce, "Sagir, ka kwanta gida ka nemi magani." Ya ce, "Shehu, saura ɗaya gare ni. In na kwanta, wa za ya ci da ɗiyan?" Ban matsa ba, don ni ma tsoron da ke cikinshi shi ke cikina. Ranar Talata da hantsi ya faɗi da tsumma a hannu, taku kaɗan daga ƙofar likita.

Ramla, akwai abin da na ɓoye maki. Kwana tara da rasuwa na shigo gaishe ki, kika miƙo mani wayarshi kika ce, "Malam Shehu, saƙo ya shigo da Turanci, ko ta'aziyyar kamfani ce?" Na ce ita ce. Ƙarya na yi maki. Saƙon cewa ya yi an sallami Sagir saboda fashi ba izini, a maido riga da katin shaida. Kwanakin da yana kabari ne aka lissafta mashi fashi.

Malam Ashraf, ba da kai muke ba. Mun san kai ma takardar wata shida gare ka. Roƙonmu ɗaya ne: a gyara fayil ɗin. Kada Sumayya ta girma ta tarar an rubuta ubanta korarre. A rubuta ya rasu a bakin aiki, don a nan ya rasu, mu muka ɗauke shi. Tawa takardar ƙarshen watan nan za ta ƙare, na kuma san abin da maganar nan ke iya ja mani. Na yi shiru sau ɗaya, mun binne mutum.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, Allah shi ba da lada. Allah shi jiƙan Sagir, shi haskaka kabarinshi, shi hutar da shi. Allah shi ba Inna haƙuri, shi raya abin da ya bari. Ramla, Allah shi sanyaya maki abin da kika ji yau, shi ba ki ikon yafe mani. Amin.