Ƙafar Hagu ta Motar Daulatsho

Mai girma shugaban ƙungiyar direbobin wannan tasha, babban yayanmu Aka Shirinbek, dattawanmu da suka ajiye sitiyari suka bar wa 'ya'yansu, malaminmu da ya buɗe wannan zama da addu'a, wakilan gidan Malama Zebo, wadda ke kwance da karaya a kafaɗa, direbobin doguwar hanya da na ƙauyuka, 'yan'uwana makanikai, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni damar magana kafin a yanke hukunci. Ina godiya ga matan da suka kawo mana gurasa da shayin gishiri a wannan sanyi. Ni ne Kadamsho, mai garejin bayan tasha, wanda kuke kira Usto, wato ogan makanikai. Da yawanku ƙafafuna kawai kuka sani, domin su ne ke leƙowa daga ƙarƙashin motocinku.

Abin da ya tara mu sananne ne. Mahaifiyar Daulatsho ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bisa al'adarmu, mai makoki ba ya taɓa sitiyari, sai wani ɗan'uwa direba ya ja motarsa don kada layinsa ya wuce. Nazarali ne ya karɓi makullin. Ya yi lodi ya kama hanyar birnin Dushanbe, a wata gangara garken tumaki ya ɓullo masa, ya taka birki, motar ta kwashe dama ta daki dutse. Malama Zebo da ke cikin fasinjojin ta karye. Yau ana so a cire sunan Nazarali daga layi, kuma kowa a nan ya san wanda aka kora daga wannan tasha da sunan ganganci babu tashar da za ta karɓe shi a bakin kogin Panj. Wasu sun ce barci ya yi, wasu sun ce waya yake dannawa. Ban kasance a motar ba, saboda haka ba zan yi shaida a kan idonsa ba. Motar aka kawo mini, a kanta zan yi magana.

Abu na farko. Motar da ke kwashewa gefe ɗaya in an taka birki, ƙafafunta biyu na gaba ne ba su kama daidai ba. Ɗaya ta riƙe, ɗaya ta saki, sai motar ta juya wajen wadda ta riƙe. Ranar da aka jawo motar Daulatsho, duk wanda ya shigo garejina gefen dama ya nufa, domin can ne fitila ta fashe, can ne ƙarfe ya lotse. An tsugunna, an leƙa, an girgiza kai. Babu wanda ya zagaya hagu, domin hagu lafiya lau take a ido. Alhali ƙafar dama aikinta ta yi, har da na 'yar'uwarta.

Ban fara da zargin birki ba. Na auna iskar tayoyi, domin taya mai ƙarancin iska ma tana jan mota, na tarar daidai suke. Na ɗaga motar na jijjiga ƙafafun, ko akwai abin da ya saki a haɗinsu da sitiyari, ban sami wasa ba sai inda dutse ya taɓa. Na duba ko mai ya zubo ya jiƙa takalmin birki, na duba tiyon man birki ko ya toshe daga ciki. Sannan na kwance ƙafafun biyu na ajiye takalmansu kusa da juna. Na dama ya cinye har ƙarfe ya fara gugar farantin birki. Na hagu kamar jiya aka ciro shi daga kwali. Fistin da ke tura shi ya kafe da tsatsa, irin tsatsar da ruwan ƙanƙara ke bari in mota ta yi ta tsallake rafi ba a wanke ta ba. Sai da na sa guduma ya motsa. Ga takalman nan a gaban shugaba, kowa yana iya zuwa ya taɓa. Wannan bambanci ba aikin tafiya ɗaya ba ne, kuma ba aikin wata ɗaya ba ne.

Abu na biyu shi ne ya fi nauyi, kuma ba na jin daɗin faɗarsa. Na jira aka tashi daga zaman makoki, na je gidan Daulatsho na nuna masa. Ya juya takalman a hannunsa, ya ce, "Usto, ai tun bara take haka. Ni na ma daina jin ta."

Na ce, "Da ka ba Nazarali makulli, me ka gaya masa?"

Ya ce, "Na ce masa ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Na ce rediyon sai an mare shi. Wannan kuwa, wallahi Usto, ko a raina bai zo ba."

Na gaskata shi, kuma ina roƙon ku gaskata shi. Duk sanda ƙafarsa ta sauka a kan birki, hannunsa yana karkata sitiyari hagu kaɗan, tun yana yi da sani har ya koma yi ba da sani ba. Motar tana tafiya sak a hannunsa, don haka a wurinsa lafiyarta ƙalau. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin da ya daɗe da kawar da shimfiɗarsa yakan manta ya gaya wa baƙo. Nazarali ya riƙe sitiyari a miƙe, kamar yadda aka koya wa kowane direba, motar kuwa ta tafi inda ta saba zuwa.

Ba Daulatsho kaɗai ba ne. Akwai maganar da nake ji a tashar nan tun ina da baƙin gashi. In na ce wa direba motarka tana ja dama, sai ya yi dariya ya ce, "Bar ta, Usto, mai hankali ce. Tsoron kogi take ji, shi ya sa take raɓar dutse." Wani ma cewa ya yi, "Tawa ta fi ni son rai, don me zan gyara mata hali?" Gaskiya ne, in an nufi Dushanbe dutse yana dama, kogi yana hagu. Amma duk wanda ya tafi yana dawowa, kuma a dawowa kogin ne ke dama. Da garken nan ya tare Nazarali a hanyar komowa, da yau ba zancen karaya muke yi ba, da gawa muke nema a ruwa.

Abu na uku. Wasunku sun ɗauki shirun Nazarali a matsayin amsa laifi. Matarsa Gulbegim ta zo garejina, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Aka Kadamsho, mutumin nan ba ya ci, ba ya fita. Na ce ya faɗa musu motar ce ta ƙwace masa, sai ya ce mini, 'Mutum yana zaman makokin uwarsa, in je in ce masa motarka ce ta karya mace? Gara a kore ni.' To in an kore shi, yaran nan kunyarsa za su ci?" Na ji tausayinta, na kuma ji haushin mijinta, domin kunyar da za ta raba gida da abinci ta wuce wuri.

Ban zo don a sauke kaya daga kan Nazarali a ɗora wa Daulatsho ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hangi na wani. Roƙona shi ne a bar sunayen mutanen nan biyu a layi, ƙungiya ta tsaya wa Malama Zebo har ta warke, sannan daga yau motar da za a ba wani ya ja, a fara fita da ita fili, wanda bai saba da ita ba ya taka birki yana sassauta hannu, a ga inda za ta nufa. Mai ita ba zai iya wannan gwaji ba, hannunsa zai rufa mata asiri.

Yanzu shugaba zai nemi a ɗaga hannu. Ba ni da ikon hana kowa, amma ina da roƙo ɗaya. Wanda zai ɗaga hannu a kori Nazarali, ya ɗaga da makullin motarsa a ciki. Zan karɓa in miƙa wa na kusa da shi, ya zuba matar mai motar da 'ya'yansa a baya, ya gangaro da su ta hanyar dawowa, kogi yana dama, ba tare da an gaya masa komai ba. Wanda ya amince wa motarsa har haka, hannunsa ya cancanci a ƙirga. Na san cikin motocinku fiye da yadda kuka sani, kuma ina shawartar yawancinku ku bar hannuwanku a kan gwiwa.

Allah ya jiƙan mahaifiyar Daulatsho, ya ba shi haƙuri. Allah ya haɗa ƙashin Malama Zebo, ya mayar da ita gaban ɗalibanta. Allah ya yi wa shugaba da dattawanmu jagora, ya tsare masu tafiya da masu dawowa. Allah kada ya sa mu raba mutum da abincin 'ya'yansa saboda ya taimaki ɗan'uwansa ranar makoki.

Na gode.