Kariyar Albasa

Ɗiyata Khairiyya ta hwara tahiya da ƙahwarta! Za ni Rabah in gaya ma Inna. Ina jiran mota tashar Goronyo, naj ji wani tsoho mai keke da mai walda suna magana.

"Baba, in yanke kariyarga ta bayan keke in yi maka mazaunin jarkoki?"

"Kak ka yanke. Ɗaura shi bisanta da noti."

"Noti kwancewa shikai. Mi za ka yi da ita?"

"Nan nika aza ɗiyata tana ƙarama. Da ta girma, sai buhun albasa daga Shinaka."

"Baba, tunda ɓarayin daji sunka tashe ku, ruwa kaka saidawa."

Tsohon ya shahi kariyar.

"Sa noti, ɗana. Ranar da anka ce mu koma gida, ba ni tsayawa jiran mai walda."