Wa Zai Riƙe Ajin Mata Idan Na Tafi?

Mai girma shugaban taro, Malam ubanmu a wannan zaure, alƙalan da suka wuni a zaune, iyayenmu mata da maza, 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum.

Godiya aka ce in yi a madadin waɗanda aka ɗaura wa sabuwar ɗamara yau, kuma mun gode. Mun gode wa wanda ya koyar, mun gode wa wanda ya kawo 'yarsa, mun gode wa wanda ya share katifun nan tun da safe. Amma ku yi mini haƙuri, akwai maganar da ta hana ni sakat mako uku ke nan, kuma ku ta shafa.

Na farko, abin da ya faru. Shekara tara ina koyon kokawar judo a ɗakin nan. Watan jiya, bayan na kayar da duk wadda aka fito mini da ita, Malam ya kira ni gefe ya ce, "'Yata, abin da ke hannuna ya ƙare. In kin zauna, maimaici kawai za ki yi ta yi." Shi ya rubuta wa wata babbar makaranta, tafiyar kwana biyu a mota. Suka amsa cewa in zo in yi shekara biyu, kafin ƙarshen watan nan.

Tun ranar ban san inda kaina yake ba. Sau uku na haɗa jaka, sau uku na kwance ta. A shagon ɗinkina na haɗa wa wata baiwar Allah hannun riga a baibai. Shekarata ashirin da tara, gwiwata ta hagu ta fara yi mini gargaɗi, kuma na san ba za a sake kirana ba.

Na biyu, abin da ke riƙe ni. Ba maigidana ba ne. Cewa ya yi, "Ki je. Iyaka girkina ya kori 'yarmu zuwa gidan kakarta." Abin da ke riƙe ni shi ne ajin matan da nake koyarwa, su goma sha huɗu. Na sani, kun sani, iyaye da mazajensu sun bar su zuwa ne don mace ce ke koyarwa. Ɗayansu ta tare ni a ɗakin sauya kaya ta ce, "Anti, in kin tafi, shi ke nan mun koma zaman falo?" Na sunkuya na yi ta ɗaure takalmin da na riga na ɗaure.

Jiya na tafi kantin magani wurin Doguwa, wadda ta fi kowa daɗewa a ajin. Na ce ta riƙe mini su. Ta ce, "Ni da muryata ba ta wuce kanta?" Na ce ba da murya ake kayar da mutum ba. Sai da ta sallami masu sayen magani biyu, sannan ta ce, "In iyayen sun yarda, na yarda."

To, da safiyar nan na amsa wa makarantar cewa ina zuwa. Ranar Asabar zan tafi. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ban tabbata na yi daidai ba.

Saboda haka iyaye, roƙona ɗaya ne. Kada ku janye 'ya'yanku, kada ku janye matanku, kada ku bari a kulle ɗakin nan ranar Talata, ranar ajinsu. Doguwa, tashi su gan ki. Ga malamarku nan.

Allah Ya saka wa Malam da alheri, Ya tsare gaɓoɓin ɗalibanmu, Ya ba mai tafiya da masu zama juriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.